Kwalaben Ƙarƙashin Gado

Shafi na 23

Bismillahi. Masu cewa jiya na yanke muku magana a kan gaɓa, ku yi haƙuri, tuwo ne ya nemi kamawa. Ku gyara zama, ga inda muka kwana.

Ranar Asabar ce, kwana na goma sha huɗu kuma na ƙarshe da Aminat za ta yi a Jakara wajen uwarta Fanna. Haka Hajiya Nana Hauwa, kakarta ta wajen uba, ta yanke tun ranar da ta kawo ta. Mako biyu na hutun makaranta, in an ga hankalin uwar ya zauna sai a duba maganar bar mata 'yarta, in kuwa an ga wani abu daban, to Ƙofar Wambai, unguwar Hajiyar, ba nisa gare ta ba. Fanna ta ji, ta ce to. Me za ta ce? Macen da maganin tari ya raba da aurenta, ya raba ta da 'yarta, ya kwantar da ita wata huɗu a asibiti, ai ba ta da bakin musu.

Wata goma sha ɗaya ke nan rabonta da maganin. Kumatu sun dawo, barci ya dawo, har dariya takan yi ta manta da rufe baki. Amma Gwaggo 'Yardada, ƙanwar mahaifinta da ta riƙe ta tun fitowarta, ta ce ita duk wannan bai gamsar da ita ba. Ranar da ta yarda Fanna ta warke ita ce ranar da Fannar ta tsaya a bakin madafi ta ce sandal ɗin da ke kan wuta ya fara ƙauri, alhali ita Gwaggon ba ta kai ga ji ba. Gidansu gidan turare ne tun kakannin da suka taso daga Borno, kuma a gidan turare in hanci ya dawo, mutum ya dawo. A wannan makon Gwaggo ta damƙa mata aikin farko da za ta yi ita kaɗai, humrar wata amarya, kwalba goma sha biyu.

Ita kuwa humra ba a haɗa ta yau a shafa gobe. Sai an soya farcen turare an daka, an haɗa da miski da sauran turarukan ruwa, a ɗura a baƙar kwalba, don Gwaggo ta ce farar kwalba tana barin haske ya sace ƙamshi. Sannan a kai ta wuri mai duhu ta tsumu, kullum da safe a fito da ita a girgiza, a buɗe a sansana, a mayar. Fanna ta jera nata a wata tsohuwar kwalla, ta tura ƙarƙashin gado.

Da hantsin nan ta durƙusa ta jawo kwallar, tun kafin ta buɗe ta ji nauyin ya sake raguwa. Ran Alhamis biyu ta tarar babu komai a ciki, ta ce ko murfi ne bai zauna ba. Jiya huɗu. Yau biyar. Murafan a ɗaure tamau, gindin kwallar a bushe, ko ɗigo babu.

Ta zauna a ƙasa. Ba asarar humrar ce ta tsoratar da ita ba. A da can, lokacin da take sha, sai ta wuni cur ba ta san abin da ta yi ba, a ce mata ta yi kaza, ta rantse ba ta yi ba, kuma ta yi ɗin. To yanzu idan ita ce fa? Idan kan nata ne bai gama warkewa ba, take tashi ta yi abu ta manta, da wane ido za ta kalli Hajiya yau ta ce a bar mata yarinya?

Zuciya ta ce ta mayar da kwallar ta yi shiru har baƙi su zo su tafi. Sai ta tuna abin da malamar asibiti take maimaita musu duk ranar Talata, cewa ciwon nan a ɓoye-ɓoye yake ƙiba. Ta kwashi kwalaben nan biyar a zaninta, ta fito tsakar gida, ta jera su a tabarma gaban Gwaggo da ke tsince kajiji.

Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta girgiza, ta ajiye. Ta ɗago ta kalli ƙwayar idon Fanna, ta daɗe tana kallo.

"Sau ɗaya zan tambaye ki, ba zan ƙara ba. Juyewa kika yi kika sayar? Kin koma?"

"Wallahi ban koma ba, Gwaggo."

"To shi ke nan."

"Amma idan na yi ban sani ba fa?"

"Na san idonki na wancan lokacin, na san na yau. Wannan idon ya san abin da yake yi. Zauna, kin tsaya min a ka kamar mai jiran sallama."

Suna cikin haka sai ga kan Hassana mai koko ya ɓullo ta saman katanga, maƙwabciyarsu ce da ba ta iya ganin hayaƙi ba ta leƙo ba. Bayan gaisuwa ta ce ita dai tambaya ta kawo ta, wai su yanzu har kwata suke yi wa gyaran jiki? Kwana uku ke nan lungu yana ƙamshi kamar ɗakin amarya. Malam nata da alwalarsa ba ta wuce ƙiftawar ido, yanzu in ya tsuguna a bakin kwata sai ta aika an kira shi koko ya huce.

Gwaggo ta yi dariya ta ce Allah ya shirye ta, amma tana sauke kai dariyar ta ɗauke. Ta ce wa Fanna mai turare shi ne na ƙarshen jin ƙamshin gidansa. Ta dafa gwiwa ta miƙe, Fanna na biye da ita, suka zaga bayan madafi inda makwararar ruwan gidan take fita lungu.

Aminat ce tsugune a wurin, 'yar shekara bakwai, da baƙar kwalba a hannu biyu. A hankali take tsiyayawa, har da karkatar da kai tana duba ko saura. Da ta gama ta ɗauki buta ta kora ruwa, ta mayar da murfi ta murɗa da ƙarfinta duka, har tana cije leɓe.

"Ƙawata, aikin me ake yi?" in ji Gwaggo, don haka take kiran ta.

Yarinyar ta zabura ta miƙe, ta kai kwalbar bayanta. Can kuma ta fito da ita, don a gidan Hajiya ba a koya mata ƙarya ba.

"Zubarwa nake."

"Na ga zubarwa kike. Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

Gwaggo ta ce to ba kowa ɗin nan ya iya ɓarna, aikin mako guda ya tafi kwata. Ta tambaye ta ko wani ne ya ɓata mata rai a gidan, ko abincin ne ba ta so, ko gida take son komawa. A nan ne yarinyar ta ɗago da sauri ta girgiza kai. Ba ta kalli uwarta ba, ƙafar Gwaggo take kallo.

"Hajiya ta ce in na ga baƙar kwalba a ɗakin Umma in sa a kira ta a waya, ta zo ta ɗauke ni."

"To kin sa an kira?"

"A'a. In na faɗa za a tafi da ni. In na bari kuma za ta sha ta kwanta. Shi ne nake zubarwa kaɗan-kaɗan don kar ta gane." "Saura shida. Da yau zan ƙarasa kafin Hajiya ta zo."



Da Gwaggo ta bi ta a hankali, sai magana ta fito tiryan-tiryan. Kullum da safe takan leƙa ta gefen labule, ta ga uwarta ta durƙusa ta jawo abu daga ƙarƙashin gado, ta girgiza, ta buɗe, ta kai fuska. Haka take yi a gidan Abba, in ji ta, a ƙarƙashin gado ne, kuma kwalbar irin wannan ce sak. Gwaggo ta ce ashe ba ta ji ƙamshi ba? Ta ce ta ji, ta ɗauka sabon iri aka yi mai ƙamshi don kar mutane su gane.

Gwaggo ta ce to ita ba ta ga uwarta ta warke ba? Ga ta tana girki, tana sallah a kan lokaci, tana hira da mutane. Wa ya ce mata tana sha har yanzu?

"Ba wanda ya ce. Da ma in ta sha ba ta kallona. Yanzu ma ba ta kallona. Ba ta kiran sunana."



Gaskiya yarinyar ta faɗa. Aminat 'yar fari ce, kuma Fanna an tashe ta a gidan da uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ɗora shi a cinya gaban manya, in zai faɗi ma sai dai ta ce wani ya riƙe shi. Tun da aka kawo yarinyar a ɗakin Gwaggo take kwana, Gwaggo ke yi mata kitso. Fanna sai dai ta ce a ba yarinyar nan ruwa, ke zo ki ɗauke kwano. Ita a ganinta ma ƙoƙari take, tana so a je a gaya wa Hajiya cewa ta dawo mace mai kunya da kamun kai kamar kowa. Kwana goma sha huɗu tana danne zuciyarta, in yarinyar ta gitta sai ta sunkuyar da kai, ashe abin da take ginawa da hannun dama shi take rushewa da na hagu.

Gwaggo ta ja dogon numfashi.

"Ni ɗana na fari har ya yi furfura ban taɓa kama sunansa ba, kuma bai rame ba. Amma shi bai taɓa tashin uwarsa ta ƙi tashi ba." Ta juya ta dubi Fanna. "Kunya ado ce, 'yar nan, amma sai an wanke miki ake ɗaura zani mai kyau a kai. Ni na tafi duba garwashi. Kunnen nan nawa ma kwana biyu ba ya ji sosai."

Ta ja takalminta ta shige madafi.

Fanna ta tsuguna har fuskarta ta zo daidai da ta yarinyar. Sunan ya yi mata nauyi a harshe kamar dutsen niƙa. Shekara bakwai tana faɗinsa a zuci, a sujada, a gadon asibiti lokacin da ƙasusuwanta suke ciwo kamar ana sara, amma bai taɓa fitowa fili ba.

"Aminat."

Yarinyar ta ɗago kamar ba ta gane daga ina muryar ta fito ba.

"Aminat, kalle ni. Ga ni ina kallonki."

Sai a lokacin kukan ya zo. Kwalbar ta suɓuce ta gangara, yarinyar ta faɗa jikin uwarta da ƙarfin da ya kusa kayar da su duka biyu cikin makwarara. Fanna ta rungume ta tana jin ƙasusuwan bayanta ɗaya bayan ɗaya, tana jin ƙamshin man kitson da Gwaggo ta shafa mata, ita ma hawaye na bin kumatunta ba ta ko share ba.

Da suka lafa ta ɗauko kwalbar, ta buɗe, ta kifa bakin a yatsa, ɗan abin da ya rage ya fito. Ta shafa wa yarinyar a wuyan hannu, ta ce ta sansana. Ta gaya mata wannan humra ce, ta amarya, ita ce sana'ar kakanninta, kuma girgizawar da take gani kullum don ƙamshin ya haɗu ne.

"Ba a sha?"

"Ba a sha. Shafawa ake."

"Wancan ɗin kin daina har abada?"

Fanna ta so ta ce har abada, don shi ne abin da ya fi daɗin ji. Amma ta yi wa yarinyar nan ƙarya da yawa a baya, ba ta son ta fara sabon zama da wata.

"Na sha a da, kin gani da idonki, kuma na cuce ki. Ki yafe min. Yau ban sha ba, jiya ban sha ba, wata goma sha ɗaya ke nan. Gobe ma da yardar Allah haka. Wata rana raina yakan so, in ya so sai in gaya wa Gwaggo mu zauna tare har ya wuce, ran Talata kuma in je asibiti wajen masu irin ciwona. Gadina aikin manya ne, ba naki ba. Naki karatu da wasa, da cin naman da nake tura miki ƙarƙashin tuwo."

Yarinyar ta zaro ido. "Ke ce kike sawa?"

"To da aljani ne?"

Ta ƙyalƙyale da dariya da majina a hanci, Fanna ta kama bakin zaninta ta share mata. Can sai damuwa ta sake kama ta, ta tambaya yanzu amaryar da me za ta yi ƙamshi. Fanna ta ce saura mako uku biki, za su sake haɗawa tare, ita za ta nuna mata yadda ake yi. Daga cikin madafi, kunnen da ba ya ji sosai ya amsa cewa mai zubarwa dai ita za ta yi dakan farce, kuma taɓaryar gidan nan ba ta san 'yar gata ba.

Suka fito tsakar gida hannu cikin hannu, Fanna ta ajiye kwalba ta shida kusa da 'yan'uwanta a tabarma. Ko zama ba su yi ba aka yi sallama.

Hajiya Nana Hauwa ce, da la'asar aka ce za ta zo, ga ta tun azahar ba ta yi ba. Doguwar mace ce mai carbi a hannu, ba ta da yawan magana, kuma duk abin nan da aka yi ba ta taɓa zagin Fanna ba, sai dai ba ta manta abin da ta gani ba. Ta tsaya a bakin tabarma. Ta kalli baƙaƙen kwalabe shida babu komai a ciki, ta kalli jajayen idon Fanna, ta kalli fuskar jikarta da sawun hawaye. Gwaggo ta fito da maraba, tana cewa a zauna a sha ruwa tukuna. Hajiya ta amsa gaisuwar, amma ba ta zauna ba.

"Aminat, me na ce ki yi in kin ga irin waɗannan?"

Yarinyar ta ƙanƙame zanin uwarta. Gwaggo ta buɗe baki za ta shiga maganar, Fanna ta riga ta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida tsohuwar surukarta, sannan ta ce a yi mata izini ita ta ba da amsa, yarinya ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta ya isa haka. Ta faɗi komai yadda ya faru, ba ta rage ba, har da tsoron da ta ji da safe cewa ko kanta ne bai warke ba, har da zuciyar da ta ce ta ɓoye. Har ta gama ba ta sunkuyar da kai ba.

"Hajiya, na san ba ni da bakin roƙo. Amma ina roƙo. A bar min Aminat."

Hajiya ta ɗan ɗaga gira jin sunan a bakin uwar. Ta sunkuya ta ɗauki kwalba ɗaya, ta buɗe, ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Sannan ta mayar da murfin, ta nemi gefen tabarma ta zauna.

"Guda shida ta zubar?"

"Shida."

"Don kar in ɗauke ta."

Hajiya ta ja carbinta ɗaya, biyu, ta tsaya. Ta ce ita ta ɗora wa 'yar shekara bakwai gadin da ita babba ta kasa yi lokacin da abin yake faruwa a gidan ɗanta, Allah ya yafe mata. Ta miƙa hannu ta shafa kan jikarta, yarinyar ta bari an shafa, amma ba ta saki zanin ba.

"Ni na ga abin da na gani, Fanna. Amma maganar zamanta ba a bakina kaɗai take ba. Ubanta ne ya kawo ni, yana zaure. Ya ce ba zai karɓi saƙo ba, sai ya ga idonki ya ji daga bakinki."

Salihu, tsohon mijinta. Shekara biyu rabon da su haɗa ido, tun ranar da ya ɓalle ƙofar ɗaki ya same ta yashe a ƙasa, tukunya ta ƙone ƙurmus a kan wuta, yarinya na zaune a kanta tana jijjiga ta. A ranar ya rubuta takardar saki, bai ce mata uffan ba.

Fanna ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta yi mata nuni da haɓa wajen ƙofa, ta ce wannan tafiyar ba a yi wa mutum rakiya. Amma Aminat ta riga ta ruga ɗaki, ta dawo da mayafin uwarta yana jan ƙasa, ta miƙa mata, ta kama yatsunta biyu ta riƙe gam.

Taku goma ne daga tabarma zuwa zaure. Fanna ta yi su, ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi sallama.

Daga ciki, muryar da ta shekara biyu ba ta ji ba ta amsa.